Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mesar Kiwo Take Rufe Baki Ta Ƙi Abinci?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karo kusan duk a kan maciji ɗaya suke, wato ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa wadda masana suka laƙaba wa suna Python regius. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, inda yanzu masu kiwo suke ƙyanƙyashe ta da kansu. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, in ta tsorata kuwa sai ta cusa kai cikin jiki ta naɗe kamar gammo. Ga sanyin hali, ga taurin kai a gaban abinci.

Tambaya: Assalamu alaikum. Nawa namiji ne, shekararsa 3, nauyinsa giram 1,150 a awon da na yi masa na ƙarshe. Da can ba ya ganin ɓera ya ƙyale, amma tun farkon Nuwamba ya rufe baki, yau mako 9 ke nan. Da dare sai ya yi ta kai da komo kamar mai neman ƙofa. Yunwa ba za ta kashe shi ba? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kwantar da hankalinka, mako 9 ba abin tashin hankali ba ne ga baligin namiji mai ƙoshin jiki. Maciji ba ya ƙona abinci don ya ɗumama jikinsa kamar kyanwa ko kare, daga waje yake samun ɗumi, saboda haka abin da yake ɓatarwa a rana ɗan kaɗan ne. Irin wannan mesa takan yi wata uku, wata huɗu, wani lokaci har fiye da rabin shekara ba ta sa komai a baki ba, ta kuma dawo ta ci gaba da ci kamar ba a yi ba. Watannin da ka ambata su ne lokacin barbara, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Yawon daren da kake gani ba neman ɓera ba ne, mace yake nema, ko da kuwa babu mace a gidan gaba ɗaya.

An ce ido ba mudu ba amma ya san kima. A nan dai bai sani ba. Mai maciji yana kallonsa kullum, don haka ba ya lura da rama sai ta yi nisa, ko kuma tsoro ya sa ya ga ramar da babu ita. Ka samo sikelin da yake nuna giram, ka sa shi cikin roba ka auna shi duk mako biyu, ka rubuta. Idan daga 1,150 ya sauko 1,120, wannan kashi da fitsari ne kawai. Idan ya kusa rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, wato ya doshi giram 1,035, magana ta bar hannunka ta koma ta likitan dabbobi. Ka kuma duba siffar jikin: lafiyayye bayansa a zagaye yake da ɗan tudu kaɗan, ramamme kuwa ƙashin bayansa yakan fito kamar kaifin wuƙa, fata ta saki a gefe.

Ka daina miƙa masa abinci kowane kwana biyu. Gwada sau ɗaya a mako biyu, da ɓeran da bai kai wanda ya saba ci girma ba. In ya ƙi, ka ɗauke. Ruwa mai tsabta dai kada ya yanke.

Tambaya: Na sayi 'yar ƙarama, giram 140, mako uku da suka wuce. Na sa ta a babban akwatin gilashi a falo don ta sake, da fitila a sama da maɓoya ɗaya. Kullum nakan ɗauke ta don ta saba da ni. Mai sayarwa ya ce tana ci, amma a wurina ko kallon ɓera ba ta yi. Ya cuce ni ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, da alama bai cuce ki ba. Duk abin da kika lissafa da kyakkyawar niyya kika yi shi, amma kusan kowanne yana cikin abin da yake hana ta ci. A daji wannan maciji yini yake yi a ramin ɓera ko cikin suri, inda duhu ne, ga matsi, ga danshi, sai dare ya fito. Kin ɗauko ta kin ajiye a fili mai bango huɗu na gilashi, mutane na wucewa, haske a kanta, hannu yana saukowa daga sama kamar shaho. Macijin da yake ganin za a cinye shi ba ya tunanin ci, domin da zarar ya haɗiye ɓera ya yi nauyi, ba ya iya gudu.

Fara da maɓoya. Biyu ake sa wa, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, iri ɗaya, masu ƙofa ɗaya tak. Girmansu shi ne inda mutane suke kuskure: in ta naɗe a ciki, jikinta ya taɓa bango ta kowane gefe, bayanta ya kusa taɓa rufi. Maɓoyar da za ta ɗauki macizai uku ba maɓoya ba ce, ɗaki ne. In maɓoyar ɗaya ce, za ta zaɓi tsaro ta bar ɗumi, ta kwanta a sanyi abinci ya gagare ta. Ki rufe gefe uku na gilashin da takarda mai duhu, ki cika tsakiyar da ganyen roba da ɓawon itace, ta yadda za ta bi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da an gan ta ba. Akwatin kuma ya bar falo.

Sai zafi. Gefen ɗumi ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi 24 zuwa 27, da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. A ƙasa ake aunawa, inda cikinta yake kwanciya, da ma'aunin zafi na lantarki mai 'yar waya. Waɗancan masu allura da ake mannawa a jikin gilashi sukan yi kuskuren digiri da dama, kuma iskar sama suke aunawa. Duk abin da yake ba da zafi, fitila ce ko shimfiɗar lantarki, dole a haɗa shi da na'urar daidaita zafi. Maciji yakan kwanta a kan abu mai ƙuna har cikinsa ya sale bai motsa ba. Fitila mai haske kuma a kashe ta da dare, awa 12 haske, awa 12 duhu.

Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 60 da 70 cikin 100. Akwatin gilashi mai murfin raga yana zubar da danshi kamar kwando da ruwa. Ki rufe yawancin ragar, ki shimfiɗa ɓawon kwakwa mai kauri, ki riƙa zuba ruwa a kusurwa don ƙasan ya jiƙe saman ya zauna a bushe. Macijin da jikinsa ya bushe ba ya son ci.

Bayan kin gyara waɗannan, ki ɗauke hannunki daga kanta kwana 7 cif, canjin ruwa kawai. Sannan ki tambayi mai sayarwa tambayar da ya kamata a yi tun ranar ciniki: me take ci, mai rai ko matacce, ƙaramin ɓera irin na ɗaki ko jaririn babban ɓera, kuma yaushe ta ci na ƙarshe? Abin nan da ta sani shi za ki ba ta, da dare. Sabo da hannu ya jira sai ta ci sau uku a jere.

Tambaya: Tawa ba ta cin ɓera sai mai rai. Ina so in mai da ita kan daskararre na firiza, amma in na miƙa mata sai ta shinshina ta juya. Yaya ake yi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Shawararka daidai ce, ɗan'uwa. Ɓera mai rai yana cizo, kuma in mesa ba ta jin ci ba ta kare kanta, naɗewa kawai take yi ɓeran ya yi ta gaigayar bayanta har ƙashi. Wanda ya ga irin wannan rauni sau ɗaya ba ya sake barin ɓera mai rai ya kwana a keji. In dole ta sa aka ba da mai rai, mutum ya tsaya a kai, bayan minti 10 zuwa 15 in ba ta kama ba ya fitar.

Dalilin juyawarta kusan kullum ɗaya ne: ɓeran bai yi ɗumi ba. Dubi leɓenta na sama da kyau, za ka ga jerin 'yan ramuka. Da su take jin ɗumin jikin dabba a cikin duhu, harshe kuma ya ɗebo ƙanshi ya kai wata gaɓa da ke rufin bakinta. Ɓera mai sanyi ƙanshinsa ya ce abinci ne, ɗuminsa ya ce mushe ne. Mafi muni, in hannunka ya fi ɓeran ɗumi, hannun za ta kai wa cafka.

Ka fitar da ɓeran daga firiza ka sa a leda mai ɗaurewa, ya kwana a firji, ko ka tsoma ledar cikin ruwan sanyi na awa ɗaya zuwa uku gwargwadon girmansa. Danna cikinsa da yatsa. In ka ji tauri ko sanyi a tsakiya, bai narke ba, kuma ɓera mai ƙanƙara a ciki yana sa amai. Bayan ya narke ka mai da ledar cikin ruwan ɗumi mai kamar digiri 40 zuwa 43 na minti 10 zuwa 15, don jikin ɓeran ya kai wajen 37 zuwa 40, kamar na mai rai. Kan ya fi ko'ina ɗumi: tsoma shi shi kaɗai a ruwa mai ɗan ƙarin zafi na rabin minti, ko ka hura masa iskar na'urar busar da gashi. In ka yi hurawar kusa da keji, ƙanshin zai shiga, sau da yawa kafin ka buɗe ka tarar ta fito da kai bakin maɓoya, wuya a lanƙwashe, harshe yana fita a kai a kai. Wannan ita ce mesar da ta shirya. Injin ɗumama abinci da tafasasshen ruwa kuwa kada ka kusance su, suna dafa waje su fasa ciki.

Riƙe ɓeran da dogon hantsaki ta fatar kafaɗa, ba ta wutsiya ba, don ya tsaya a kwance kamar mai tafiya. Kada ka dungure mata hanci da shi, yin haka yana sa ta naɗe. Tsaya kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ka ɗan girgiza, ka ja baya kaɗan kamar ɓera mai shakka. In ta cafke ta nannaɗe, ka ɗan ja shi na daƙiƙa kaɗan don ta ji kamar yana kokawa, sannan ka saki, ka rufe, ka kashe fitila, ka bar ɗakin. Da yawa suna sakin ɓeran da suka riga suka kama saboda mai su ya tsaya ɗaukar hoto.

In ba ta kama ba, ajiye shi a bakin maɓoya ya kwana, wasu ba sa ci sai gida ya yi tsit. Da safe in yana nan, a jefar, ba a mai da shi firiza. Ka bari yunwa ta taya ka aiki: tsallake ciyarwa ɗaya ko biyu kafin gwajin farko. Ledar ɓeraye kuma a ware ta daga abincin mutane, a wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayar cutar salmonela da ɓera da maciji duka suke ɗauke da ita.

Tambaya: Idanunta sun yi fari-fari kamar hazo, fatar ta dushe, ta ƙi ci. Makanta ce? Daga wata mai karatu.

Amsa: Saɓa za ta yi, Hajiya. Idon zai washe bayan kwana uku ko huɗu, bayan wasu 'yan kwanaki ta tuɓe fatar. A wannan hali ba ta gani sosai, yawancinsu ba sa ci. Ki ɗaga danshi zuwa kashi 70 ko 80, ki jira ta gama, ki ba ta abinci washegari.

Tambaya: An ce in riƙa fitar da ita zuwa wata roba daban lokacin ciyarwa, don kada ta saba da sarar hannu. Gaskiya ne?

Amsa: Ba mu goyon bayan wannan ko kaɗan. Ka ɗauke ta daga inda ta amince ka kai ta baƙon wuri ka ce ta ci, sannan ka sake ɗaukar ta da ciki cike: ka haɗa ƙin ci da amai a tafiya ɗaya. Ciyar da ita a kejinta. In kana tsoron ta haɗiye shimfiɗa, ka tsane ɓeran da ƙyalle ka ɗora shi a faranti. In za ka ɗauke ta a wata rana, fara shafa bayanta da sanda a hankali, za ta gane ba abinci ne ya zo ba.

Tambaya: Ya ci ɓera ranar Asabar, ranar Litinin na tarar ya amayar da shi, wari ya cika ɗaki. In sake ba shi wani yau? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, Malam, kada ka kuskura. Amai ga maciji ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan cikinsa mai narkar da ƙashi ya biyo ta maƙogwaro ya ƙona hanya, ya kuma yi asarar ruwan jiki. In ka ɗora masa wani ɓera yanzu zai sake dawo da shi, kuma amai na biyu da na uku su ne suke kayar da maciji. Ka bar shi kwana 14 ba abinci ba ɗauka. Bayan haka ka ba shi ɓera rabin girman wanda ya saba, in ya zauna, ka jira kwana 10 ka ba shi wani irinsa, sannan a hankali ka koma yadda ake.

Cikin waɗannan kwanaki ka nemo sababi. Huɗu ne suka fi yawa: sanyi, wanda yake sa ɓeran ya fara ruɓewa a ciki kafin ya narke, ɓeran da ya yi masa girma, ɗauka kafin awa 48 bayan ci, da ɓeran da bai gama narkewa daga ƙanƙara ba. In duk ka duba ba ko ɗaya, ko aman ya maimaitu, ka kai shi asibitin dabbobi tare da sabon kashinsa a leda, a duba tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta.

Tambaya: Ƙwai sun ƙyanƙyashe mini, guda ɗaya cikin 'ya'yan ya kai mako 5 bai taɓa ci ba. Wani ya ce in buɗe bakinsa in tura masa. In yi? Daga wani mai kiwo.

Amsa: Jariri ba baligi ba ne, haƙurin da muka ba mai wasiƙar farko ba naka ba ne. Sabon ƙyanƙyasa yana fitowa da giram 50 zuwa 80 da sauran gwaiduwa a ciki, ba ya ci sai ya yi saɓar farko, wajen kwana 7 zuwa 14. Daga nan ake fara ƙirga. Wanda ya yi mako huɗu zuwa shida bayan saɓar bai ci ba, nauyi kuma yana sauka, ya shiga haɗari.

Amma akwai matakai kafin ɗura. Ware shi shi kaɗai a ƙaramar roba mai hujojin iska, da takarda a ƙasa da matsattsiyar maɓoya. Mutane sukan ba jariri jan ɓera marar gashi don tausayi, alhali ya yi masa ƙanƙanta, ba ya motsi, ba ya riƙe ɗumi. Ɗan ɓeran da ya yi gashi ya fara tsalle shi ya fi tada masa sha'awa. In ya ƙi, sa shi da mataccen ɓera mai ɗumi cikin jakar takarda, ka naɗe bakin, ka bar su a gefen ɗumi na keji har safe. Wasu sukan huda kan ɓeran da allura don ƙanshin ƙwaƙwalwa ya fito. Ba kyan gani, amma yana aiki. Canjin ƙanshi ma yana taimakawa: goga ɓeran a jikin ɗan tsako, ko a shimfiɗar ɓeran dajin Afirka mai laushin gashi, wanda yake cikin abincinsu na asali. Ba abin mamaki ba ne tsuntsu ya ja hankalinsu. Binciken da Luiselli da Angelici suka wallafa a 1998 kan waɗanda ke dazukan kudu maso gabashin Nijeriya ya nuna mazan sun fi cin tsuntsaye, matan sun fi cin ɓeraye. Dabara ɗaya a kowane gwaji, kwana 5 zuwa 7 tsakani. In ka jero su duka a dare ɗaya, ka firgita shi ne kawai.

In duk sun ƙare, abin da ake yi shi ne a sa kan ɗan ƙaramin ɓera a bakinsa a ajiye shi a hankali ya haɗiye da kansa. Turawa har maƙogwaro aikin likita ne. Hannun da bai saba ba yana karya haƙora, ya yaga maƙogwaro, ko ya toshe hanyar numfashi.

Ga duk masu karatu, akwai ƙin cin da ba a jira a kansa ko mako ɗaya: numfashi mai fito ko ƙara, kumfa ko yauƙi a baki, buɗe baki tana ɗaga kai sama, ja ko ruɓa a dasashi, kumburi a jiki, kasa juyowa in an kwantar da ita rigingine, ko 'yan baƙaƙen ƙwari kamar ƙananan kaska a gefen ido da ƙarƙashin haɓa, waɗanda suke sa ta yini cikin kwanon ruwa. Ko ɗaya aka gani, likita.

Tambaya: Tawa ba ta taɓa ƙin abinci ba sai kwanan nan. Shekararta 5, giram 2,300, ina ba ta babban ɓera duk mako. Me ya same ta? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ƙoshi ne ya same ta, 'yar'uwa. Ciyarwar mako-mako ta masu tasowa ce. Jariri yana cin abin da ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa duk kwana 5 zuwa 7. Mai tasowa duk kwana 7 zuwa 10. Baliga kamar taki kashi 5 cikin 100 ya ishe ta, wato ɓera mai giram 100 zuwa 120, sau ɗaya a mako biyu zuwa uku, kuma kaurinsa kada ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Duba ta in ta naɗe: in fata tana leƙowa tsakanin ɓawon jikinta ba tare da ta ci komai ba, in naman gefe yana tattarewa, in jikin ya yi kauri har gindin wutsiya sannan ya tsuke farat ɗaya, kitse ne. Kitse yana lalata hanta, ga dabbar da ya kamata ta yi shekara 20 zuwa 30 a hannunki.

Abu ɗaya za ki kawar tukuna. Mace baliga takan daina ci in ƙwai suna haɗuwa a cikinta, ko da ba ta sadu da namiji ba. Za ki ga ta fi son gefen sanyi, tana nannaɗe kwanon ruwa, bayan tsakiyar jikinta ya cika. In babu wannan, ki bar ta wata guda cur, ki auna ta, sannan ki miƙa mata ɓera mai giram 100.